Bakwaini da Tsohuwa a Bargo Ɗaya

…ba ma duhu ba ne, don rana ce, hantsi bai gama ɗagawa ba. Shirun ne. Shirun ne ya tsayar da Saffana a tsakiyar falo da ƙyallen jariri a hannu. Firij ya yi tsit. Injin wankin mutanen sama, da ke girgiza silin tun asuba, ya yi tsit. Ga hita can a kusurwa, jajayen wayoyinta suna dusashewa a kan idonta — ja… ruwan goro… toka.

An ɗauke wuta.

A nan? A Guangzhou?

Dariya ce ta fara zuwa mata. Tun da mijinta Shehu ya ɗauko ta daga Gwammaja ya kawo ta tsohon benen nan na bayan kasuwar Tianxiu, hawa na shida, ba ta taɓa ganin ƙwan lantarki ya ko ƙifta ba. Har ta manta ana yi. Kamar ka ci karo da ɗan unguwarku a tashar wata ƙasa, mutumin da ko a gida ba kwa shiri, amma sai ka ji bakinka ya buɗe da gaisuwa.

Lauratu ce ba ta dariya. 'Yarta, 'yar shekara biyar, a garin nan aka haife ta, tana tsaye gaban talabijin da ya mutu tana danna maɓalli, tana sake dannawa. Waye ya ɓata? Ba wanda ya ɓata, Laure, wuta aka ɗauke. Wa ya ɗauke? Ina ya kai ta? Zai dawo da ita? Ikon Allah… yarinya da jinin Gwammaja a jikinta tana tambayar ina ake kai wuta. Da Inna ta ji wannan sai ta riƙe baki.

Sharfaddeen —

Dariyar ta yanke.

Yana cikin gadonsa, a naɗe, abu kamar ɗan tsako. Bakwaini. Bai daɗe da fitowa daga kwalbar asibiti ba, inda ta riƙa kallonsa ta bayan gilashi kamar kayan da ba nata ba. Likitar nan mai gajeren gashi ta yi magana mai tsawo ranar sallama, Shehu ya taƙaita mata a jimla biyu: kada ya ji sanyi, in barci ya yi masa yawa har ya ƙi nono, to ba barci ba ne. Ba barci ba ne… to mene ne? Ba ta tambaya ba. Wa zai tambayi irin wannan?

Kuma yau, yau ɗin da tun shekaranjiya ake ta faɗa a waya cewa sanyin da ke tafe tsofaffin garin ma ba su san irinsa ba. Sanyin nan ba irin na gida ba ne da za ka zauna a rana ka kore shi. Jiƙaƙƙe ne. Ta bango yake shigowa, ta tayil, ta cikin katifa, kamar gidan ne gaba ɗaya aka tsoma a rijiya aka ɗago. Gidajen nan kuwa don zafi aka gina su, taga ko'ina, ƙofa ko'ina da kafa.

Ta danna makunni. Ta sake. Wauta — ta zama Lauratu ke nan.

Waya. Shehu yana can filin jirgin Baiyun tun sassafe, takalman da ya sara a kasuwar Zhanxi Lu yau za a auna su a sa a jirgi. Muryarsa da hayaniyar ma'aikata a bayanta: ya kira laoban mai gidan, wai wayoyin layin ne suka ƙone, kowa ya kunna hita lokaci guda, wai meiyo, wato babu, babu wanda ya san yaushe. Kada ta fita da yaron cikin ruwan nan. Yana tafe da zarar an gama awo. Ta rufa masa bargo. Ta rufa masa bargo! Kamar bargo wuta ne. Bargo ai abin da ke jikinka yake riƙe maka, wanda ba shi da ɗumin kansa fa? Ba ta faɗa ba. Cajin wayar ma ya yi ja. To, Abban Lauratu, Allah Ya kawo ka lafiya.

Tukunya ta lantarki. Butar shayi ta lantarki. Murhun ma na lantarki, faifan baƙin gilashi, laoban ya hana gas tun ranar da suka karɓi makulli. Gida guda cike da kaya, babu ko ƙwayar ashana. Inna da kaskonta… garwashin gawayi a rufe da toka, a tura ƙarƙashin gadon ƙarfe, ɗakin mai jego ya yi ɗumi har gumi ya riƙa bin bango, ƙamshin turaren wuta, kunun kanwa a ƙwarya. Ita nata jegon a ruwan famfo ta yi shi, ita kaɗai, tana kuka a banɗaki a hankali don kada Shehu ya ji ya ce ya cuce ta.

Bari. Ba yanzu ba.

Ƙaramin ɗaki. Ɗakin da ya fi ƙanƙanta shi ya fi riƙe numfashi, wannan ba sai an je makaranta ba. Tana jan katifa, Lauratu tana turawa ta baya tana murna, ta ɗauka wasa ne. Bar ta ta ɗauka. Kwalayen takalman samfur na Shehu — a zazzage, a buɗe kwalin, a toshe taga. Atamfofinta na lefe, waɗanda ko ɗinka su ba ta yi ba, masu ƙamshin kanumfari da akwati, ga su yau ana cusa su a ƙasan ƙofa. Da wa aka yi shawara ranar da 'yan'uwan Shehu suke baje su a tsakar gida ana guɗa? Wa ya ce musu can ƙarshen duniya za su je su tare iska?

Ta ɗauko shi. Hannunsa…

A'a. Hannun jarirai dama da sanyi. Wuyan za a taɓa. Wuyan — ɗumi-ɗumi, ko kuwa yatsunta ne suka mutu ba sa ji? Ta sa leɓe. Leɓe ba ya ƙarya. Akwai ɗumi, amma can ƙasa, kamar tukunyar da aka sauke tun ɗazu.

Ta kwance shi daga naɗin, rigar sanyi, wata rigar, wata kuma, sai ga shi tsirara daga shi sai ƙyalle, haƙarƙari kamar haƙoran mataji. Ta ɗaga tata rigar ta kwantar da shi a tsakanin nonuwanta, fata da fata, ta ja zani ta ɗaure shi ta gaba, ta mayar da riga, ta ɗora rigar sanyin Shehu a kai. Goyon ciki. Koma inda ka fito, Sharfu, tunda ka yi gaggawa. Wata biyu ka bari a baya, zo ka cike su.

Ta kai masa nono. Ya taɓa da baki… ya saki. Ta shafa masa kunci, ta matsa ɗan tafin ƙafa. Ya motsa gira. Ya koma.

Ba barci ba ne.

A'a, barci ne, ai ya sha da safe. Ya sha? Ko jiya da dare ne? Ya sha, ta tuna, lokacin Shehu yana ɗaura agogo… ko Lauratu ce take tunawa tana jaririya? Ko ta sauka da shi ta nufi asibiti? Hawa shida a duhun matakala, da yarinya a hannu, a fita cikin ruwan sama mai yankan fuska a tsaya jiran tasi, tasin da wani lokaci sai ta rage gudu, direba ya leƙo, ya wuce. In ta fita sanyi, in ta zauna sanyi. Ya Hayyu, Ya Ƙayyum…

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Ba ƙofarsu ba ce. Daga waje ne, ƙarfe a kan ƙarfe, a hankali, kamar mai bugun ba shi da ƙarfin bugawa.

Lauratu ta fito da kai daga bargo ta ce Popo ce.

Popo? Kaka ke nan a bakin mutanen garin — tsohuwar ƙofar da ke kallon tasu. Wadda take kunna tsinken turare a jan gwangwani a bakin ƙofa, wadda take rataye jajayen naman nan a igiya a baranda in sanyi ya shigo, har Saffana ta riƙa tattare hijabi in za ta wuce. Shekara nawa suna maƙwabtaka? Ɗaga kai kawai. Sau ɗaya tsohuwar ta miƙa hannu ta taɓa kitson Lauratu, Saffana ta fizge yarinyar kamar daga bakin wuta, tun daga ranar ko ɗaga kan ma ya ragu. Yaushe ta zama Popo? Yaushe Lauratu ta san bugunta?

Ba za ta buɗe ƙofa ba. Ɗumin da ta tara kaɗan ne, buɗe ƙofa ɗaya zai kwashe shi. Tsohuwar tana da ɗa ai, mai zuwa da mota duk ƙarshen wata daga Shenzhen. Tana da mutanenta, gari guda nata ne. Ita Saffana wa take da shi?

Ƙwas… ƙwas.

Haƙƙin maƙwabci. Malam bai ce maƙwabci mai salla ba. Bai ce ba… ta so a ce ya ce.

Ga ta a baranda, hannu ɗaya a ƙarƙashin goyo, iska tana shiga ƙafar wandonta. Ƙofar katakon tsohuwar a buɗe, ta ƙarfen a sakaye. A ciki, a ƙasa, a kan tayil — tana zaune ta jingina da kujera, cokali a hannu, da shi take bugun ƙarfen. Filas ya faɗi gefe, ruwan ya malale ya jiƙa mata wando da safa. Fuskar kamar busasshiyar goriba, leɓen ya yi shuɗi-shuɗi.

Saffana ta buɗe baki. Me za ta ce? Ni hao? Shiye-shiye? Nawa ne, ya yi tsada, rage mini — Sinancinta duk na kasuwa ne, babu kalma ɗaya a ciki ta ɗaga mutum daga ƙasa.

Sai wata murya ta fito daga gefen cinyarta.

Lauratu. Ta riƙe ƙarfen ƙofar da hannu biyu, ta cusa fuska, tana magana. Ba ma yaren makarantarsu ba, wanda Saffana ta saba jin amonsa a waƙoƙin yara. Wani ne daban, na tsofaffin garin, mai hawa da sauka da jan wutsiya, irin na masu sayar da kifi. Yana zuba daga bakinta kamar ruwa daga buta. Tsohuwar tana amsawa. Lauratu tana girgiza kai, tana tsawatarwa — tsawatarwa! — tana nuna sakata, tsohuwar tana nuna ƙusa a bango inda makulli yake rataye, kusa da ƙofa, inda siririn hannu zai kai.

Wannan daga cikina ta fito?

Ita ta haife ta. Ita ta yi mata tsarki, ita ta koya mata bismilla, ita ta san tabon da ke bayan kunnenta. Yaushe aka gina wannan ɗakin a cikin yarinyar, aka yi masa rufi, aka zuba kaya, uwar ba ta ji ko ƙarar guduma ba? Lokutan da take girki, ta bar ƙofa a buɗe don hayaƙi, tana jiyo ta a baranda tana surutu, ta ɗauka da 'yar tsana take…

“Umma, ta ce bargonta na wuta ne, ya mutu. Ta tashi ta dafa ruwa, hannunta ya ƙi. Ta ce ƙafarta ba ta nan.”

Ba ta nan. Haka ta ce, ko haka Lauratu ta iya juyawa?

Ƙofa ta buɗu. Warin gidan — turare, maganin gargajiya, busasshen kifi, tsufa. Warin ɗakin Goggo Fasuma ne sak, in ka cire kifin ka sa daddawa. Ashe tsufa ƙabila ɗaya ne? Ta durƙusa a karkace don kada ta danne Sharfu, ta sa hannu a hammatar tsohuwar, ta ɗaga. Subhanallahi. Damin kara ya fi ta nauyi. Mutum guda, da shekarunsa, da 'ya'yansa, da duk abin da ya gani, a ce hannu ɗaya ya ishe shi?

Tsohuwar tana nuna kicin da haɓa, tana faɗin wani abu da naci. Lauratu ta ce wai akwai wuta. Saffana ta leƙa.

Tukunyar gas. 'Yar ƙarama, mai tsatsa, a ƙarƙashin kantar girki, da murhu mai kai ɗaya.

Tun safe… bango ɗaya tsakani. Ita da hannu babu wuta, tsohuwa da wuta babu hannu. Da ta ƙi buɗe ƙofar fa? Da ta ja bargo ta toshe kunne?

Tsohuwa tukuna. Taku, taku, ƙetare baranda, ƙetare falo, takalman samfur a warwatse ƙafa ɗaya-ɗaya, cikin ƙaramin ɗaki. A cire jiƙaƙƙen wandon. Tsohuwar ta kau da kai, Saffana ma ta kau da nata, hannu ne kawai ke aiki. Zani. Atamfar lefe, shuɗiya mai zanen ganye, a ƙugun tsohuwar Sin. Safar Shehu ta ƙwallo har gwiwa. Man kaɗanya a tafin hannu, a murza ƙafafun, a murza, ƙanana, masu sanyi kamar kifin firij, yatsun a tanƙware. Laure, shiga bayanta ki rungume ta. Lauratu ta shige kamar dama wurinta ne.

Ta koma kicin ɗin tsohuwar da tukunyar miyarta. Tata, ba tukunyar tsohuwar ba, Allah Ya sani me aka dafa a ciki — kuma ta ji kunyar tunanin, kuma ba ta fasa ba. Ta murɗa kan gas ɗin. Tas, tas… fuu. Shuɗiyar wuta, zobe guda, 'yan harsuna a jere suna rawa. Ta tsaya tana kallo kamar ba ta taɓa gani ba. Ita da ta girma a gindin murhu, hayaƙi na sa ta hawaye, tana tsine wa ɗanyen itace. Wuta. Abin da aka yi mana gargaɗi da shi, shi ne kuma yau rahama. Ta matso da ƙirjinta kusa, ba sosai ba, don ɗumin ya ratsa rigar Shehu, ya ratsa tata, ya ratsa zani, ya isa.

Sharfu. Ka ji? Wuta ce.

Numfashinsa a fatarta — akwai. Ɗan iska kamar na gashin tsuntsu. Akwai… akwai.

Citta a kan kantar tsohuwar, irin tasu ce, babu bambanci ko na ƙwayar zarra. Ta fasa da gindin wuƙa ta jefa. Robobin ruwa biyu, a cika, a naɗe da tawul. Ɗaya a ƙafar tsohuwa, ɗaya a bayan goyo, ta waje, kada ta ƙona shi. Kofi uku. Ta kashe gas, ta duba, ta sake dubawa.

Yanzu su huɗu a katifa ɗaya, bargo uku a kansu, ɗakin duhu-duhu saboda kwalaye. Tururi yana tashi daga kofuna da bakuna. Tsohuwar ta riƙe nata da tafuka biyu, Saffana ta tallafa mata gindinsa. Ta kurɓa, ta lumshe ido, ta yi wani dogon nishi wanda ba ya buƙatar tafinta. Sai ta lura da tudun da ke ƙirjin Saffana. Ta tambaya da ido. Saffana ta ɗan buɗe wuyan riga.

Tsohuwar ta daɗe tana kallo. Ta miƙo hannu — ta tsaya a hanya. Ta tuna. Ita ma ta tuna ranar kitso. Hannun yana nan a iska, ba gaba ba baya.

Saffana ta kama shi, ta ɗumama shi a kofinta tukuna, sannan ta kai shi kan ɗan maɗigan yaron.

Magana a hankali, doguwa. Lauratu tana saurare da baki a buɗe, ta juyo ta ce wai ita ma ta taɓa haifar ƙarami kamar wannan, tun da daɗewa, lokacin sanyi, kafin ɗanta mai motar. Shi ke nan? Ai ta faɗi fiye da haka. Ina yake yanzu? Lauratu ta buɗe baki za ta tambaya, Saffana ta dafe mata gwiwa. Bari. Wanda aka ce an taɓa haifa, ba a ce yana ina ba… bari, Laure.

Ta sake kai masa nono. Ta matso ɗigo a leɓensa. Ɗigon ya tsaya, fari, yana sheƙi. Bai lasa ba.

In Shehu bai iso ba zuwa azahar za ta sauka. Ko da me. Za ta bar Lauratu da tsohuwar — ji fa, za ta bar 'yarta da matar da ɗazu da safe ba ta san sunanta ba, yanzun ma ba ta sani ba, Popo ai ba suna ba ne — za ta tsaya a tsakiyar titi sai mota ta tsaya ko ta bi ta kanta. Azahar ta yi ne? Wayar ta mutu. Babu ladan a nan, ba zakara, ba inuwar bango. Lokaci ma ashe a jikin waya yake, ya tafi da wutar.

Wani sauti.

Tsat-tsat-tsat, a rumfar kwanon da ke saman taga. Ba ruwa ba ne, ruwan tun jiya ta san muryarsa. Wannan busasshe ne, kamar ana zuba gero a faifai daga nesa. Sai kuma hayaniya daga ƙasa, daga layi, daga tagogi — gobara? Wayoyin ne suka kama? Ta riga ta fara lissafin wa za ta ɗauka, wa za ta ja. Amma ba ihun tsoro ba ne. Ta san wannan ihun. Ihun Gwammaja ne in an kawo wuta bayan kwana da kwanaki, yara da manya baki ɗaya. Ta dubi ƙwan ɗakin. A mace.

To me aka kawo?

Ta ja kwali ɗaya gefe.

Sama fari fat, ƙasa-ƙasa, kamar za ka taɓa. Kuma daga cikinta wani abu yana saukowa. Wasu ƙwayoyi suna faɗowa da sauri suna tsalle a kan kwano kamar tsakin shinkafa. Wasu kuwa… wasu ba faɗowa suke ba. Yawo suke. Suna lilo, suna fasawa, suna komawa sama kaɗan, kamar audugar rimi in ƙwanso ya fashe. Suna sauka a kan wayoyin da suka mutu, a kan kayan shanya, a kan ganyen bishiyar da ba ta taɓa kaɗe ganye ba, kore shar da fari a kai.

Dusar ƙanƙara.

A garin ayaba da mangwaro? A garin da kwalta ke narkewa da rani? Shehu ya ce ba a yi a nan, sai can arewa, tafiyar kwana a jirgin ƙasa. Ya ce wata shekara in kasuwa ta yi kyau zai kai su su gani. Ga shi an kawo musu har taga, ranar da ba su da ko ashana.

A ƙasa layi ya cika. Mai gyaran keke ya ɗaga fuska sama ya buɗe baki. 'Yan matan shagon waya suna tara ta a kan baƙar lema. Wasu dogaye biyu cikin jallabiya da rigunan sanyi, 'yan Nijar ɗin nan na hawa na biyu, sun daina tafiya, sun tsaya kawai, ɗaya ya tara hannu biyu kamar mai addu'a. Babu mai sayarwa, babu mai saye. Guangzhou ta ajiye ciniki tana kallon sama.

Lauratu tana tsalle a katifa. Tsohuwar tana jan rigar Saffana — a ɗaga ta, a ɗaga ta. Ta ɗaga ta, da bargon da komai, ta tsayar da ita a jikin taga, ta tokare ta da kafaɗa. Tsohuwar ta manna goshi a gilashi. Can ta soma turawa da yatsun nan da suka ƙi murɗa gas, tana son a buɗe.

A buɗe? Ɗumin da aka tara da citta da roba da numfashin mutum huɗu?

Kaɗan. Faɗin tafi. Ta juya ƙirjinta ga ɗaki, bayanta ga iska, ta zame gilashin.

Hannun ya fita, busasshe, mai jijiyoyi. Ya jira. Ɗaya ta zo, ta yi kamar za ta wuce, ta dawo, ta zauna a tsakiyar tafin. Ba ta narke nan da nan ba, hannun ba shi da zafin narkar da ita. Su uku suka sunkuya a kanta. 'Yar mitsitsiya, da rassa, da rassan rassa, kowane gefe daidai da ɗan'uwansa, aikin da ko mai zanen lalle na Kano bai isa ba. Wa ya zauna ya yi wannan? Don wa? Kuma ga dubunta, ga dubun dubunta suna zuba a kan kwata da rufin shaguna, ba mai gani, kowace da nata zanen…

Ta zama ɗigon ruwa.

Tsohuwar tana magana, hawaye yana bin kwarin fuskarta, tana kuma dariya da dasashi.

“Ta ce a nan aka haife ta, ba ta taɓa gani ba. Ta ce an taɓa yi tana budurwa, tana cikin masaƙa tana aiki, kafin ta fito ya ƙare.” Lauratu ta saurara, ta yamutsa fuska. “Ta ce kuma… ta ce… Umma, ban san shi da Hausa ba.”

Ba ta san shi da Hausa ba. Ita ma uwar ba ta san shi da Hausa ba. Akwai addu'ar ruwan sama, Inna ta koya mata. Akwai ta iska, akwai ta tsawa, akwai ta ganin jinjirin wata. Wannan fa? Me ake cewa? Ta lalubi bakinta, ta lalubi duk abin da aka zuba mata a ka tun tana 'yar allo, babu. Sai Subhanallah, shi ma a raɗe, shi ma ya fita ya zama tururi.

Ta ja gilashin ta rufe. Ta zame a jikin bango har katifa, tsohuwar ta zamo tare da ita, Lauratu ta hau kansu tana ta zuba, rabi wannan yare rabi wancan. Wutar ba ta dawo ba. Shehu bai iso ba, wataƙila yana can kan hanyar Baiyun a cikin motar da ta tsaya, shi ma ya ɗaga kai. Ruwan robar ya fara hucewa, sai an sake dafawa, sai ta tashi, yanzu za ta tashi, bari dai ta…

Wani abu ya ja ta.

A ƙirji. Can ciki, ƙarƙashin riga, ƙarƙashin zani. Ɗan ja, mara ƙarfi, kamar kifi yana taɓa ƙugiya.

Ba ta motsa ba. Ba ta leƙa ba. Har numfashi ta riƙe.

Ya saki.

Ya… ya sake kamawa. Ya ja. Ya huta. Ya ja — da ƙarfi wannan karon, har ta ji zafin ya tsarga mata zuwa hammata, nonon ya sauko gaba ɗaya, ɗayan ma ya ɓalle yana jiƙa rigar Shehu. Ga ɗan sautin haɗiya, ƙut… ƙut… ƙarami ƙwarai, ƙasa da tsat-tsat ɗin kwano, ƙasa da ihun layi, amma tsohuwar ta ji. Ta ɗaga yatsa ɗaya ta sa a leɓen Lauratu.

Su uku shiru, suna sauraron mutum yana haɗiya.

Sha, Sharfu. Sha… kada ka tsaya. In ka tsaya ban san… sha dai.